TSOHUWAR MAK FO DA MAƘERAN BAKIN DAJIN RUGU

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta nufi Batsari, ko kuwa wadda ta bi ta Dutsin-ma ta shiga Safana har zuwa Runka, a cikin 'yan shekarun nan, ba zai rasa ganin wani abu da a da sai lokacin farauta ake ganinsa ba, watau manomi ɗauke da fartanya a kafaɗa ɗaya, bindiga kuwa a ɗayar. Yawancin bindigogin nan ƙirar gida ne, irin su bindigar toka da ta baushe, sai kuma masu cin harsashin farauta, wanda ke ɗauke da ƙananan ƙwayoyin dalma. Dukansu kuwa ba su da wani asibiti in sun sami matsala sai maƙera.

Akwai kuma wata irin bindiga da jefi-jefi akan gani cikin makaman da jami'an tsaro ke kamawa a sassan ƙasar nan. Tsohuwa ce, katako ya rufe ta tun daga ƙota har kusa da baki, kuma duk dattijon da ya san zamanin En'e zai gane ta da ganin farko. Ita ce Mak Fo, bindigar soja da 'yan sandan da. Matsalarta guda ce: ta fi bututunta tsawon rai, ta kuma fi harsashinta. Saboda haka wanda ta faɗa hannunsa yakan shiga tunanin kai ta wa maƙeri ya sauya mata bututu, don ta ci harsashin da ake iya samu. Wannan aiki na sauya bututu an yi shi a ƙasashe da yawa, an kuma ci nasara. Amma ya kamata mai karatu ya san yadda aka yi shi a can, da dalilin da ya sa a nan zai iya zama gyaran gangar Auzinawa.

ƘASAR DA TA SABA DA MAKAMI

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, yana da 'yan bindiga masu tsaronsa. Sarkin Damagaram Tanimu kuwa, wanda ya rasu a 1884, har igwa ya sa aka zuba masa a birninsa, ana kuma haɗa masa albarushi a gida. Yammacin Katsina ma ba a bar shi a baya ba. Bayan jihadi, da sarakunan Haɓe na Katsina suka kafa Maraɗi, ƙasar Ruma, wadda Batsari ke cikinta, ta zama bakin daga, dajin Rugu kuma ya zama hanyar mahara. Shi ya sa har yau ake ambaton jarumtar mutanen Ruma irin su Ɗanwaire, shi ya sa kuma ƙira da farauta suka kafu a wannan yanki.

To amma me ya sa bindigar toka ce ta zama bindigar talaka? Dalilin yana can Turai. A shekarar 1890 manyan ƙasashe suka yi taro a birnin Burasel na ƙasar Beljiyam, suka ƙulla yarjejeniyar hana sayar wa yawancin ƙasashen Afirka bindigogin zamani, aka bar musu sai irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Da Gwamna Lugga ya iso Kano da Sakkwato da Katsina a 1903, sojojinsa na riƙe da bindigogi masu cin harsashi ta baya da kuma bindiga mai ruwa. Tun daga lokacin aka raba gari: bindigar harsashi ta hukuma ce, ta albarushi kuwa ta maharbi. Maƙerinmu ya gāji sanin ta biyun ne, bai gāji na farkon ba.

ASALIN MAK FO

Sunanta na yanka Lee-Enfield, ƙirar ƙasar Ingila. Harsashinta shi ake kira .303, watau faɗin raminta kashi 303 ne cikin dubu na inci guda, kimanin milimita 7.7 ke nan. Ingila ta fara amfani da wannan harsashi a 1888, aka fito da Lee-Enfield a 1895, sannan samfurin da ake kira Lamba 4 ya bazu a hannun soja daga 1941. Wannan Lamba 4 ɗin ce mutanenmu suka raɗa wa Mak Fo. Gidan harsashinta yana cin guda 10, kuma da hannu ake ja da sakatarta bayan kowane harbi. Da danginta ne sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 suka yi yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945, an kuma yi amfani da ita ƙwarai a yaƙin basasar Nijeriya daga 1967 zuwa 1970.

Tun kafin wannan lokaci ma rana ta fara yi mata la'asar. A cikin shekarun 1950 Ingila ta koma ga harsashi mai milimita 7.62. Ma'aikatar ƙera makamai ta Kaduna, watau DICON, wadda aka kafa a 1964 da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma, ita ma a kan harsashi mai milimita 7.62 da mai milimita 9 ta kafa aikinta. Sannu a hankali sai Mak Fo ta zama marainiya. Duk da haka ta yi ƙarko na ban mamaki. Masu sintirin arewacin Kanada sun riƙe ta tun daga 1947 har wajen shekaru 70, ba su sake ta ba sai da kayan gyaranta suka yi wuya. 'Yan sandan jihar Uttar Pradesh ta Indiya kuwa sai a watan Janairu na 2020 suka yi mata bankwana.

ABIN DA KE CIN BUTUTU

In mutum ya leƙa cikin bututun bindigar soja zai ga waɗansu tsagogi da suka murɗe tun daga gindi har baki. Su ne ke sa harsashi ya riƙa juyawa kamar katantanwa, ya tafi sak inda aka nufa. Kowane harbi kuwa yana ɗan cinye su. Bayan wannan, tsohon harsashin soja yakan bar wani gishiri a cikin bututu mai jawo tsatsa, har ta kai sojan Ingila akan umurce shi ya zuba tafasasshen ruwa a bututun bayan harbi kafin ya shafa mai. To ina ga bindigar da ta shekara 50 ko fiye a ɓoye cikin rumbu ko a ƙarƙashin ƙasa? Daga waje za ka gan ta lafiya lau, ciki kuwa tsatsa ta gama rarake ta.

Wani abin sha'awa shi ne, ita kanta Lee-Enfield matsalar bututu ce ta haife ta. Wadda ta gabace ta, mai suna Lee-Metford, an yi ta ne don baƙin albarushi. Da aka shigo da sabon albarushi marar hayaƙi, sai zafinsa ya riƙa cinye tsagoginta da wuri. Dole ma'aikatar Enfield ta fito da sabon bututu mai tsagogi biyar masu zurfi, sunan bindigar ya sauya. A daidai wannan lokaci ne kuma Ingila ta kwashe tsofaffin bindigoginta masu suna Martini-Henry, ta cire musu bututu ta sa musu na .303, ta rarraba su ga rundunonin ƙasashen da take mulka. Ashe ke nan sauya bututu ba sabon abu ba ne.

YADDA WAƊANSU SUKA YI

Misali na farko daga Indiya yake. Tun zamanin mulkin Ingila, ma'aikatar makamai ta Ishapore ta riƙa mayar da tsofaffin Lee-Enfield bindigogi masu cin harsashi ɗaya-ɗaya, marasa tsagi, don 'yan sanda da gandirobobi. An yi musu harsashi na musamman mai lamba .410 wanda ba a sayar da shi a kasuwa, ta yadda ko an sace bindigar ɓarawo ba zai sami abin ɗura mata ba. Har ila yau, da yake dokar Indiya ta hana farar hula riƙe bindiga mai cin harsashin soja, ma'aikatun gwamnati suka fito da ta farauta a kan tsarin Lee-Enfield mai lamba .315, wadda asalin harsashinta na tsohuwar rundunar Ostiriya ne.

Misali na biyu daga Ostareliya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙasar ta cika da rarar bindigogin soja masu arha, jihar New South Wales kuma ta tsaurara doka a kan masu cin harsashin soja. Sai masu gyaran bindiga suka shiga sauya musu bututu zuwa mai ƙaramin rami, aka matse wuyan kwanson .303 ya dace da shi, aka sami harsashin da ake kira .303/25. Manoma da mafarauta sun yi amfani da shi shekara da shekaru. Amma da bindigogin zamani suka cika kasuwa, kamfanoni suka daina yin wannan harsashi da yawa, sai waɗanda suka sauya bututu suka koma gidan jiya: ga bindiga, babu abincinta. Darasin da ke nan shi ne, wanda ya ɗaura bindigarsa a kan baƙon harsashi ya jingina da abin da ba shi da tabbas.

Misali na uku ya fi duka muhimmanci. Da Indiya ta so ta yi Lee-Enfield mai cin harsashin 7.62 a cikin shekarun 1960, ba ta tsaya ga sauya bututu kawai ba. Sai da ta sake zuba jikin bindigar da ƙarfen da ya fi na da ƙarfi, domin sabon harsashin ya fi tsohon matsi. Watau ma'aikata sukutum, mai injiniyoyi da na'urorin awo, ba ta yarda ta ɗora wa tsohon ƙarfe nauyin da ba a yi shi dominsa ba.

GIDAN GWAJI

A nan ne maganar take. Mai faci yakan sa wa tayar ƙaramar mota iska awo 30 zuwa 35. A bisa wannan ma'auni, matsin da harsashin farauta ke haifarwa a cikin bututu yakan kai 11,500, na .303 kuwa yakan kai 49,000. Duk wannan ƙarfi yana tashi ne cikin ƙiftawar ido, tazarar da ba ta kai taƙi ɗaya ba daga fuskar mai harbi. Abin da ke tsare shi daga wannan wuta shi ne ingancin ƙarfen bututu da kuma dacewar sakata da gindin harsashi. Wannan dacewa kuwa da kashi dubu na inci ake auna ta, kuskuren da bai wuce kaurin 'yan silin gashi ba ya isa ya fasa kwanso, wuta ta dawo baya.

Saboda haka ne ƙasashen da suka daɗe da wannan sana'a suka kafa gidajen gwaji. A Ingila akwai na Landan, wanda asalinsa ke komawa ga 1637, da na Birmingham wanda majalisa ta kafa a 1813. Duk bindigar da aka ƙera, ko aka sauya wa bututu, ba a sayar da ita sai an kai ta can an ɗura mata harsashin da matsinsa ya zarce na yau da kullum da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, an harba ta a cikin ɗaki mai kauri ba kowa a kusa. In ta jure a buga mata hatimi, in ta fashe ta fashe ita kaɗai.

To, a Batsari ko Safana ina gidan gwaji? Maƙerinmu gwani ne, ba mai musun wannan. Da zuga-zugi da masaba da awartaki yake fitar da garma da galma da lauje, yana kuma gyara kunamar bindigar toka ta koma sabuwa. Amma ba shi da na'urar da za ta gaya masa irin ƙarfen da ke hannunsa. Bututun da yakan samu a kasuwar 'yan gwangwan an yi shi ne don ruwan famfo ko don wani sashe na mota, wani ma da ɗinkin walda a jikinsa. Baƙin albarushi mai ci a hankali yana iya yi masa sassauci na ɗan lokaci, albarushin harsashin soja kuwa ba ya sassauci. Ƙarfe kuma yana gajiya, wanda ya jure harbi 20 yana iya tsagewa a na 21. Idan haka ta faru, hannun hagu mai tallafe da bututu da idon dama mai saiti su ne ke biyan bashin. A taƙaice, gidan gwajin bindigar ƙauye shi ne kafaɗar mai ita.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu, waɗanda ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma a cikinsu dokar ta ambaci bindigogin soja masu lamba .303 da 7.62 ƙarara. Kashi na biyu su ne na farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne waɗanda ake ɗurawa ta baki, irin bindigar toka, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Wanda aka kama da bindigar kashi na farko ba da izini ba, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

Kada kuma wani ya zaci sauya bututu zai wanke Mak Fo daga haramci kamar yadda aka yi a Ostareliya. Dokarmu ta hana ƙera bindiga ko harhaɗa ta ko gyara ta sai a ma'ajiyar makamai ta hukuma, ko kuwa da izini na musamman. Saboda haka mai bindigar da maƙerin duka sun faɗa tarko guda. Sai dai akwai wata ƙofa da dokar ta bari a buɗe wadda mutane da yawa ba su san da ita ba: Sufeto Janar, da amincewar Gwamnan jiha, yana iya bai wa mutum izinin sana'ar ƙera da gyara bindigogin kashi na uku. Haka kuma yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ta nemi ƙasashe su yi rajistar masu ƙera makamai na cikin gida.

ME YA KAI JAMA'A GA HAKA?

Ba adalci ba ne a yi wannan magana ba tare da an faɗi abin da ya tura manomi maƙera ba, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Mayu na 2019 'yan bindiga suka kashe manoma a 'Yar Gamji ta ƙasar Batsari, har jama'a suka ɗauko gawarwakin zuwa birnin Katsina don hukuma ta gani da idonta. Ran 14 ga Fabrairu, 2020, aka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar. A watan Afrilu na wannan shekara aka kashe mutum 47 a hare-haren da suka shafi Safana da Ɗanmusa da Dutsin-ma. A 2021 gwamnan wancan lokaci, Aminu Bello Masari, ya fito fili ya shawarci jama'a su nemi makamin kare kansu, a shekarar ce kuma aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana.

Mutumin da aka ce ya kare kansa, alhali mahara na riƙe da AK-47, ina zai dosa in ba wurin maƙeri ba? Daga baya Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar a watan Oktoba na 2023, da matasa kusan 1,500 a kashin farko, sannan a 2025 aka yi zaman sulhu a Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa. Amma ko ƙura ta lafa, bindigogin da aka tara ba za su narke ba. Suna nan a ɗakuna, tsatsa na cin su, yara na girma kusa da su. Kuma an sha kokawa cewa makamin da aka nema don tsaro wani lokaci yakan koma na ramuwar gayya a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

KIRA GA HUKUMA DA JAMA'A

Abu na farko, ya kamata a san maƙeran nan. Kowane gari yana da Sarkin Maƙera, kowane maharbi ya san Sarkin Baka, su kuma suna ƙarƙashin dagatai da hakimai. Ta wannan hanya Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana za su iya taimaka wa 'yan sanda da Cibiyar Kula da Ƙananan Makamai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2021, wajen yin rajista. Wanda ya cancanta a ba shi izinin da doka ta tanada, a iyakance masa aikinsa ga bindigar toka, a kuma sa alama a kan duk abin da ya fita daga hannunsa. Maƙerin da ke ɓoye ba wanda ya san wa yake yi wa aiki.

Abu na biyu, duk bindigar da ke hannun 'yan sintirin da hukuma ta amince da su ya kamata masana makamai na 'yan sanda ko na soja su riƙa duba lafiyarta, wadda ta lalace a karɓe ta. Na uku, a buɗe hanyar da mai tsohuwar bindigar soja zai miƙa ta ta hannun hakiminsa ba tare da fargaba ba. Na huɗu, asibitocin yankin su riƙa rubuta raunukan da fashewar bindiga ta jawo daban da na harbi, don a san girman matsalar. Na biyar, ma'aikatar gona ta riƙa bai wa maƙera kwangilar garma da kayan noma, domin wanda ke da aikin halal a gabansa ba ya neman na haɗari.

Ga ɗalibai da ma'aikata 'yan asalin wannan yanki kuwa, ku ne idon iyayenku. In kun je gida kuka ji ana shawarar kai tsohuwar bindiga a sauya mata bututu, ku bayyana musu abin da ke ciki, na doka da na lafiya. Mak Fo ta yi zamaninta, ta je Bama ta dawo, wurin da ya dace da ita yanzu shi ne ma'ajiyar hukuma ko gidan tarihi. Babban magani dai shi ne ranar da manomin Wagini da na Runka zai tafi gona da fartanya kaɗai, ya dawo gida lafiya. Allah Ya nuna mana wannan rana, amin.